Saniyar da Ba Ta Taɓa Shan Ruwa Ba

Duk shekara lakwal, wato makaranta, tana turo mini samari da 'yan mata su koyi aiki, kuma duk shekara sai an sami mai baki a cikinsu da zai ce mini, "Tonton Tankari, talla ai ta zama banza yanzu. Ka ce ma IA ta rubuta, ka danna, c'est fini." Ba na musu da su. Ni ma ina aiki da ƙirƙirarriyar basirar nan kullum, har suna na sa mata, Sakatare nake ce mata, kuma ban ga ranar da zan rabu da ita ba. Abin da nake yi kawai shi ne in nuna musu hoton da ke manne a bayan ƙofar shagona, hoton wata jar saniya mai dogon ƙaho, in ce su zauna.

Ni ba talla na koya ba. Rubuta manhaja na koya, a Yamai, wurin wani dattijo mai gyaran injinan buga takarda wanda yake haɗa wa masu sayar da magani ƙananan tsare-tsare na ordinata, wato kwamfuta. Shekarata ta farko ban taɓa allo ba, ƙura nake hurewa daga cikin injina da famfon keke. Da ya yarda in fara rubutu, a takarda yake sa ni yi, in karanta masa layi-layi, in ya ji inda zai karye sai ya ɗaga gira ya ci gaba da shan shayinsa. Bai taɓa gaya mini inda kuskuren yake ba. A wurinsa na koyi cewa inji abin da ka ce masa yake yi, ba abin da kake nufi ba, kuma na ɗauka da wannan ilimi na gama da duniya.

Da na komo Dutsi na buɗe shago, abin da na gina shi ne aplikasiyon cigiya. Kowa ya san yadda dabba take ɓacewa a ƙasarmu: tunkiya ta bi wani garke daga bakin rijiya, maraƙi ya firgita da mota ya yanki daji, mai ita ya bar aikinsa yana bin kasuwanni yana tambaya. Na ce a rage masa tafiya. Mutum ya danna wuri ɗaya, ya faɗi kamannin dabbarsa da bakinsa, in yana da hoto ya sa, saƙon ya tafi wayoyin dillalai da mahauta da makiyayan da suka shiga, daga Dumega har Dogon Kiriya. Kayan aikina ba su da yawa, har yau su ne: ordinata ɗaya da ta tsufa tare da ni, pano biyu na hasken rana a saman rufi, batirin babbar mota, da wata ƙaramar waya mai fasasshen gilashi irin wadda makiyaya ke riƙewa. Duk abin da na rubuta, in bai yi aiki a kan wannan wayar ba, a wurina bai yi ba.

Sai dai gina abu daban, sa mutane su riƙe shi daban. Wannan ɓangaren Zali ce take yi, wata yarinya mai murya da wani proje na masu ba da tallafi ya ɗauka ya haɗa mu. Ranar kasuwa sai ta ɗaura lasifika a bayan moto, babur ke nan, ta shiga kara tana ba'a da dillalai har su miƙo wayoyinsu. Ni ina shago ina gyaran abin da ya karye, ina ganin aikinta surutu ne. Sai muguwar shekara ta zo. Projen ya naɗe tabarmarsa, kuran, wato lantarki, ya koma sai a gan shi sau ɗaya a yini, Zali ta sami aiki a Doso ta tafi da albarkata. Aka bar ni da manhaja mai kyau da bakin da bai iya kiran kowa ba. Na je kara sau ɗaya da lasifikar, na yi bayani tiryan-tiryan kamar mai karanta takardar likita, wani dillali ya jira na gama ya tambaye ni ko lasifikar ta sayarwa ce.

A nan Sakatare ta shigo. Na raba yinina biyu: da safe manhaja, bayan azahar talla. In zauna in gaya mata su wane ne mutanena, ina suke, me ke damunsu, ita kuma ta tsara mini abin da zan aika cikin mako, ta gajarta mini dogon bayanina, ta rubuta wasiƙun Faransanci zuwa ga magadan gari, ta zana hotuna. Aikin da zai cinye mini yini sai ta gama shi kafin shayi ya huce. Amma kada ku ɗauka sai dannawa. Hausarta ta gidan rediyo ce, wadda in Ba'are irina ya ji zai ce baƙo ne ke son cin kuɗinsa, dole in juye kowane layi zuwa bakinmu, in ɗauka da muryata. Tana son yabon kai, "wanda ba shi da na biyu", "mafi inganci", ni kuwa na san a nan mai yabon hajarsa da yawa ana duba ta sau biyu. Ta ce a aika da sassafe, alhali da sassafe makiyayi yana bakin rijiya inda babu rezo, waya ba ta kamawa. Na gyara ta, ta karɓa ba fushi, abin da ban taɓa samu daga ɗan Adam ba.

Aikin da nake son ba ku labari ya zo da rani. Na lura mutane ba su gane yadda cigiyar take fitowa a waya ba, na ce to a nuna musu misali. Ana bukatar hoton saniya. Ban je na ɗauki ta kowa ba, don na san makiyayi ba ya son a ɗauki hoton dabbarsa a watsa, yana gudun ido da baki, kuma ina ganin girman wannan. Na ce Sakatare ta zana mini wadda ba ta kowa ba. Ta fara da wata ƙatuwa mai baƙi da fari, ba tozo, ba ƙaho, tana tsaye cikin ciyawar da ban taɓa ganin irinta ba. Na ce a'a. Ta kawo wata mai ƙafa biyar. Na yi dariya na ci gaba da kwatance: ja wur, ƙaho dogo mai buɗewa sama, tozo madaidaici, farin tabo a goshi, ƙasa rairayi. Na ce a sa mata shaida a kunne don ta yi kama da ta gaske, kunnen dama a tsaga shi biyu daga baki, na hagu a ɗan gutsure shi daga ƙasa. Da ta tambayi garin da za a sa, na ce Dogon Kiriya, garinmu. Hoton da ya fito, wallahi har na so in shafa wuyanta.

Na bi ƙa'ida. A ƙasan hoton na rubuta "misali", a farkon saƙon murya na ce wannan kwatance ne, babu saniyar da ta ɓace. Na aika su tare. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne mutanenmu ba sa riƙe cigiya a hannu. Wanda ya ji an yi ɓata, nauyi ne a kansa ya isar, kuma hoto ya fi murya saurin turawa. Hoton ya tafi shi kaɗai, muryar ta zauna. Waɗanda ya isa gare su ba su karanta ƙaramin rubutun ƙasa ba, kunne da ƙaho suka karanta.

Waya ta fara ƙara. Wannan ya ce ya ga mai kama da ita wajen Tibiri, wancan ya ce Allah ya bayyana ta. Kowa in yi masa bayani, ya ce to, ya kashe. Sakatare kuwa da na nuna mata yadda ake ta turawa sai ta taya ni murna, ta ce tallar ta karɓu. Ni ma na yarda, har na sayi nama na kai gida.

Bayan kwanaki, da hantsi, wani mahauci da ke cikin masu aplikasiyon ya kira ni daga bakin karar Dutsi, muryarsa cike da alfahari. "Tankari, abinka ya yi aiki! Mun kama ta, da ita da mai korarta. Taho maza."

Na hau moto ina shirya dariyar da zan yi musu. Da na isa, dariyar ta gudu. Ga ta nan ƙarƙashin bishiyar bedi, ja wur, farin tabo a goshi, kunnen dama a tsage biyu, na hagu a gutsure. Ciki gare ta, ya tsufa, tana numfashi da ƙyar, ƙafafunta sun yi fari da ƙura. A gefenta wani Bafulatani siriri yana zaune bisa dugadugansa, sanda a kafaɗa, mutane sun kewaye shi. Ina ganin kunnen na san daga ina kwatancena ya fito. Ina yaro, shanun mahaifina guda biyu suna hannun wani makiyayi a Dogon Kiriya, Bello, kuma a garkensa na san abin da ake kira saniya. Duk saniyar da ke cikin kaina ta gidan Bello ce. Shaidar gidansu na ba inji ban sani ba.

Na kori mutane baya, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce sunansa Hamma, daga wajen Geceme.

"Ba sai kun riƙe ni ba," ya ce, bai ɗaga kai ba. "Gun mai ita za ni. Tun da ya yi cigiya, in kai mishi abinai."

"Wa ya yi cigiya?"

"Bello. Shi na da ita. Habbanaye ta."

Ku 'yan gari wataƙila ba ku san habbanaye ba. In makiyayi ya rasa garkensa, amininsa yakan ɗauko karsana daga nasa ya ba shi riƙo. Ta zauna hannunsa har ta haihu sau uku, 'ya'yan nasa ne, sannan ya mayar da uwar da godiya. Ba takarda, ba shaidu, ba a tambayar ta kafin lokaci, ba a kuma mayar da ita kafin lokaci. Wanda ya mayar da ita da ciki, ba a ce ya kawo ba, ya yanke zumunci ke nan. Hamma ya rasa shanunsa a wata shekarar fari, Bello ya ba shi wannan. Ta haifa masa biyu, na uku ne a cikinta.

A kasuwar Geceme wani dillali ya nuna masa hoton a gaban mutane, ya ce wannan ba wadda ke hannunka ba ce? Ga shaidar gidan Bello, ga Dogon Kiriya a rubuce. Hamma ya fahimci abu ɗaya: Bello yana son saniyarsa, ya ji nauyin faɗa, ko kuwa wani ya kai masa tsegumin an sayar da ita, shi ne ya watsa wa duniya cewa ta ɓace. Bai tambayi kowa ba. Ya kwance ta ya kamo hanyar arewa, ta Dogon Kiriya, a ƙasa.

Na ce masa babu wannan saniyar, inji ne ya zana ta, ba ta taɓa shan ruwa ba. Ya dube ni kamar yadda ake duban mai taɓin hankali, ya dubi dabbar da ke tuƙa a gabanmu. Na roƙe shi ya biyo ni gida, saniyar ta sha ruwa ta huta. A shago na buɗe ordinata na nuna masa tun daga farko, mai baƙi da fari, mai ƙafa biyar, yadda ƙahon ya yi ta tsawo, yadda kunnen ya tsage bayan na faɗa. A kan mai ƙafa biyar ya ɗan yi murmushi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce:

"Na yarda ba ita ta ba. Amma dud Geceme sun ce ita ta. In na koma da ita, cewa za a yi an kama ni na ba da haƙuri. Kai ka iya bin gida-gida ka nuna musu mai ƙahwa biyar?"

Ban iya ba. Na tambayi Sakatare, ta rubuta mini sanarwar gyara mai kyau, da ban haƙuri da komai. Na karanta na san ba za ta yi tafiyar da hoton ya yi ba, kuma ko ta yi, ba maganata ake jira ba. Na kira wani ƙanena a Dogon Kiriya na ce ya nemo Bello a rugarsa, ya sa shi a motar kasuwa.

Washegari da la'asar ya iso, tsoho, ya rame, da malafarsa da butarsa. Mu Arawa da Fulani taubasai ne, don haka tun daga bakin ƙofa ya fara.

"Ina bawan nan nau? An ce Ba'are ya hwara kiwo cikin talho. Ubanka shanu biyu sunka gagare shi, kai ɗaya ka yi ta tada ƙasa."

"Baffa, sannu da hanya. Ai ku kunka koya muna."

Sai ya hango saniyar. Ya nufe ta, ya kira ta da wani suna, ta juyo. Ya shafa ƙirjinta, ya ɗora tafin hannu a cikinta ya daɗe, ya ɗaga ƙafarta ta gaba ya duba kofato. Hamma yana tsaye nesa, idonsa a ƙasa. Suka gaisa da Fillanci, gaisuwa doguwa, kowa na kallon gefe. Na nuna wa Bello hoton, na yi masa bayani. Ya karɓi wayar a juye, na gyara masa. Ba shi da waya, ko ta kira. Duk wannan abin da ya cika ƙasa, shi bai ji ba sai jiya.

Ya miƙo mini wayar, ya juya ga Hamma, ya yi magana da Hausa don in ji.

"Hamma, in ina son saniyata, ƙahwa gare ni. Ka san hanyar ruggata, na san taka. Wanga yaro ya yi wauta, inji ya yi wauta, ba su san ni ba. Kai ka san ni. Ka zaci ni ka yin cigiyarka cikin kasuwa?"

Hamma ya ƙara sunkuyar da kai. Ni kuma na kau da nawa, don abin ya fi ƙarfin idona. Tsoron da nake ji shi ne Bello ya karɓi igiyar. Da ya karɓa, ba wanda zai ce ya yi laifi, an kawo masa abinsa har rabin hanya, kuma an zarge shi da abin da bai yi ba.

Bello ya ce da ni, "Abin nan da ka ɗaukar murya, buɗe shi."

Na buɗe, na kai masa wayar kusa da baki. Ya gyara tsayuwa kamar mai shirin salla.

"Ni na Bello na Dogon Kiriya. Jar saniya da anka yi cigiya, an gane ta. Tana hannun Hamma na Geceme, inda niy aje ta da hannuna. Ba ta ɓace ba, ba ta kai lokacin komowa ba. Wanda duk ya tura hoto, shi tura wanga. Allah shi saka."

Na ce, "Baffa, amma ba a ce musu hoton na inji na ba."

"Wanga kai ta shahwa. Kai ka hwaɗi naka."

Na aika tasa, na aika tawa a bayanta. Tasa ta yi tafiya, tawa ban ji labarinta ba. Da na gaya wa Sakatare abin da ya faru, ta ce ba zan taɓa samun shaida irin wannan ba, in sa sunan aplikasiyon a kan muryar in yi talla da ita. A lissafin talla tana da gaskiya. Na rufe ordinatar na je na ɗebo wa baƙina fura.

Saniyar ta huta a gidana har ƙafafunta suka saki. Ranar tafiya na ce zan biya wa Bello mota zuwa Dogon Kiriya. Ya ce wa ya gaya mini arewa za shi. Geceme ta ga hoton, Geceme za ta gan shi da idonta. Ya ɗauki igiyar daga ƙasa ya sa a hannun Hamma, ya bi bayan saniyar da sandarsa, tsoho da bai kamata ya taka daga nan zuwa tasha ba. Na raka su har inda kwalta ta rabu da hanyar shanu. Ban ji suna magana ba, amma tafiyarsu ɗaya, a hankali, saboda cikin.

Tun daga ranar, duk abin da Sakatare ta zana mini, sai na cire rubutun, na cire muryar, na dubi hoton tsirara in tambayi kaina: in wannan kaɗai ya isa Geceme, me za a ce? Misalin cigiya kuwa yanzu da jaki nake yi, shuɗi, mai hula. Har yau ba wanda ya kira ya ce ya gan shi.

Saniyar ta haihu lafiya, mace. Bello bai ga an mayar masa da uwar ba, ya rasu kafin a yaye 'yar, ga 'ya'yansa Hamma ya kai ta. Hoton kuwa bai mutu ba. Yana nan yana yawo daga waya zuwa waya, duk rani sai ya sake tasowa. Ko watan jiya wani bawan Allah ya kira ni daga can bayan iyaka, ya ce ya ga mai kama da ita a bakin wata rijiya, ya bar awakinsa ya bi ta har ya ga inda ta kwana. A da nakan tsaya in yi dogon bayani a kan inji da misali. Yanzu abin da tsohon ya faɗa nake faɗa.

Na ce, "Allah shi saka. An gane ta. Tana inda anka aje ta."